Takardun gwajin jinin maigidana sun hana mu barci

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Tudun Wadar Zariya. Maigidana shekararsa 56, yana da shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari. Farkon hunturun nan ya kwanta da zazzaɓi da tari, muka yi ta maganin maleriya da taifot babu sauƙi, har numfashi ya soma gagararsa. A asibiti aka gwada aka ce korona ce. Kwana tara ya yi a kwance, an sa masa oksijin, ana yi masa allura a fatar ciki, ana ba shi wani magani da ake kira deksa. Yau sati bakwai da sallamarsa, amma har yanzu jikin bai dawo ba, ko sallah a zaune yake yi don tashi daga sujada yana ba shi wahala, tarin ma bai tafi gaba ɗaya ba. Babban tashin hankalinmu wani gwaji ne D-dimer. A asibiti 2.4 ne, bayan sati uku ya koma 0.9, wannan satin da muka canza ɗakin gwaji sai muka ga 780. Tun ranar Malam ya daina cin abincin kirki, har wasiyya ya fara yi mini. Yayansa ya ce jininsa ne ke daskarewa, zai aiko da maganin tsinka jini daga Kaduna. Deksan kuma da ya ƙare wani mai kemis ya ce a ci gaba da shi don yana buɗe ƙirji, yana shan ɗaya kullum, har fuskarsa ta ciko dangi suna cewa ya murmure, sai dai yawan ƙishirwa da fitsarin dare. Surukata kuma ta ce babu wata korona yanzu, sammu ne. Ga hotunan takardun na turo. Anti, ki gaya mini gaskiya, mutuwa zai yi?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, sannu da jinya. Allah ya ba Malam lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Rai a hannun Allah yake, amma babu abin da ke cikin takardun nan uku da ke cewa Malam ya kama hanyar mutuwa. D-dimer ɗinsa bai hau ba, sauka ya yi. Ɗauko takardun ki duba 'yan ƙananan haruffan da ke gaban kowace lamba. Ta asibiti da ta biyu an rubuta mg/L, ta ukun kuwa ng/mL aka rubuta, kuma duka ukun akwai FEU a gefe, wato hanyar lissafi ɗaya aka bi. Ma'auni biyu ne na abu ɗaya: 0.9 a na farko daidai yake da 900 a na biyu, 2.4 kuma 2,400 ke nan. Idan kika jera su a ma'auni guda, daga 2,400 ya gangaro 900, sannan 780. Ki kai masa takardun yanzu, kafin ki ƙarasa karanta amsar nan, ki nuna masa da yatsa. Raina ya ɓaci ƙwarai da aka miƙa wa mutumin da ya fito daga gadon asibiti irin wannan takarda ba tare da an ɗauki minti ɗaya an yi masa bayani ba. Akwai ma ɗakunan gwajin da ke amfani da wani lissafin da ake rubutawa DDU, wanda lambarsa kusan rabin ta FEU ce a jini ɗaya. Don haka yawon nan daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan ku daina shi. Duk gwajin da za a maimaita, a maimaita shi a inda aka yi na baya.

Shi D-dimer ɓurɓushi ne. Duk inda aka samu rauni a jijiya, jiki yakan daskarar da ɗan jini ya toshe wurin, in an gama gyara ya narkar da shi, abin da ya saura yana yawo a jini shi ake aunawa. Korona tana taɓa bangon ƙananan jijiyoyin jini, musamman na huhu, shi ya sa yake hawa a jikin waɗanda ta kwantar, shi ya sa kuma aka riƙa yi wa Malam allurar nan ta fatar ciki don kada jininsa ya yi guda yana kwance. Tsoron da ake yi wa wannan lamba yana da asali. A watan Maris na 2020 likitocin birnin Wuhan na ƙasar Sin suka fitar da bayanan majinyata 191, inda aka ga waɗanda suka iso asibiti da D-dimer sama da 1,000 sun fi sauran mutuwa. To amma wannan magana ce a kan mutum ranar da aka kawo shi yana haki. Wanda ya warke ya koma gida lissafinsa daban ne. A Dublin ta ƙasar Ayalan an bibiyi mutum 150 da suka warke, aka tarar kusan ɗaya cikin huɗu D-dimer ɗinsu bai koma daidai ba har zuwa wata huɗu, alhali alamun kumburin cikin jiki sun kwanta a jinin mafi yawansu.

Yawancin ɗakunan gwaji suna sa iyakarsa a 500. Ga wanda ya haura hamsin likitoci da yawa sukan ninka shekarunsa sau goma, na Malam ya zama 560. Ke nan 780 yana sama da iyaka, ban ɓoye miki ba. Sai dai gwajin nan amfaninsa ya fi yawa idan ya fito ƙasa, domin a nan ne yake taimaka wa likita ya cire zargin gudan jini. Idan ya fito sama ba ya faɗin dalili. Tsufa yana ɗaga shi, maleriya tana ɗaga shi, haka sikila da juna biyu da tiyata da kowane irin ciwo mai zazzaɓi. Gudan jini da hoto ake tabbatar da shi, ko sikanin jijiyoyin ƙafa ko hoton ƙirji na CT, kuma likita yana neman hoton ne idan jikin mutum ya ba da alama.

Sauran lambobin ma labari ɗaya suke bayarwa. CRP ɗinsa 96 ne a asibiti, yanzu 7. Hanta ce ke fitar da shi idan jiki yana yaƙi da cuta, yana hawa cikin sa'o'i, in yaƙin ya lafa kuma rabinsa yakan ɓace cikin ƙasa da kwana ɗaya. Feritin ɗinsa daga 1,150 ya dawo 520. Shi ma'ajin sinadarin ƙarfe ne a jiki, yana hawa lokacin ciwo, amma saukarsa da nawa, yakan ɗauki makonni ko watanni. Kin san idan aka sauke tukunya aka janye itace, harshen wutar nan take yake mutuwa, duwatsun murhun kuwa sai a jima ba a iya taɓa su ba. CRP shi ne harshen wutar, feritin da D-dimer su ne duwatsun. Ƙwayoyin farin jinin da ake kira limfosait, waɗanda korona ke ragewa, na ga sun dawo cikin iyakar da aka rubuta a gefen takardar.

Yanzu ki ba ni hankalinki, domin abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki ba ya cikin takardun. Shi ne deksan da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba.

Deksametason, wato deksa, magani ne mai daraja a inda ya dace. A watan Yuni na 2020 wani babban gwaji da Jami'ar Oxford ta jagoranta a asibitocin Birtaniya ya nuna miligram 6 a rana, na tsawon kwana goma ko ƙasa da haka, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda inji ke yi wa numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar a tsakanin waɗanda aka sa wa oksijin. Waɗanda ba sa buƙatar oksijin kuwa bai amfane su ba. Likitocin da suka ba Malam shi a gadon asibiti daidai suka yi. Kwana goma aka ce. Shi yanzu ya doshi wata biyu yana sha. Mu mata mun san maganin nan, yana cikin abubuwan da ake haɗawa a sha-ka-fashe, kuma mun ga yadda yake mayar da 'yan mata: fuska ta yi fam, wuya ya cika, ƙafafu su tsotse. Cikowar fuskar da dangi ke yi wa barka ba murmurewa ba ce. Wahalar tashi daga sujada ma ina zarginsa a ciki, don shan sa na dogon lokaci yana cinye naman cinya da na kafaɗa, ƙari a kan raunin da kwanciyar asibiti ta riga ta bar masa. Yana hana barci, yana sa faɗuwar gaba da baƙin ciki, yana ɗaga hawan jini, yana raunana garkuwar jiki. Har CRP ɗin nan na 7 da na yaba, deksa yana danne shi, don haka sai an raba shi da maganin za a san lambarsa ta gaskiya.

Ƙishirwa da fitsarin dare kuwa, har sai an tabbatar da akasin haka, suga ne. Deksa yana ɗaga suga sosai, ita korona ma an ga tana bayyanar da ciwon suga a jikin mutanen da ba a san su da shi ba. Kun kashe kuɗi a kan gwaje-gwaje masu tsada har sau uku, amma a takardun biyu na bayan sallama ban ga inda aka auna suga ba, alhali shi ne mafi arha, ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. Gobe da safe, kafin ya karya, a auna. Idan ya kai 7.0, ko 126 a injin da ke ba da manyan lambobi, yana cikin iyakar ciwon suga. Idan an auna bayan ya ci abinci ya kai 11.1, wato 200, haka nan. In kuwa ya wuce haka nesa, ko ya fara amai, ko yawan gyangyaɗi da ruɗewa, ba a jira wayewar gari. Kafin nan ki janye masa lemon kwalba da maltina da zumar da na san ana ta kawo masa a matsayin dubiya, ki bar masa ruwa ya sha iya shansa.

Sai dai ki kiyaye wannan: kada ki ɗauke deksan yau ki zubar. Akwai wasu 'yan halittu biyu a saman ƙoda da ke samar wa jiki irin wannan sinadari. Idan mutum ya yi makonni yana shan na kanti sukan rage aiki, in aka yanke maganin farat ɗaya jini zai iya faɗuwa, mutum ya yi ta amai har ya suma. A hankali ake rage shi, kuma likita ne ke tsara yadda za a rage. Ya ci gaba da shan ɗayan da yake sha, ku ga likita cikin kwana biyu, ba sai ranar da aka rubuta muku a kati ba. Ki tafi da kwalin maganin a jakarki, da duk wani abu da yake sha har na gargajiya, ki faɗi ranar da ya fara ba tare da ragi ba. Babu likitan kirki da zai tsaya yi miki faɗa, kuma ko an yi faɗan ki daure.

Maganin da Yaya zai aiko, kada ƙwaya ɗaya ta shiga bakin Malam sai likita ya rubuta. Gaskiya ne akwai majinyatan da ake sallama da maganin tsinka jini. Wani gwaji a Burazil ya nuna amfanin ba da shi na kwana 35 bayan sallama ga waɗanda haɗarin gudan jini ya yi musu yawa. To amma zaɓensu ake yi, ana duba ƙodarsu, ana tambayar ko suna da olsa, kuma kwana 35 ɗin ma sun riga sun wuce Malam. Mutumin da ya yi sati bakwai yana shan deksa, mai yiwuwa kuma yana haɗawa da diklofenak ko ibuprofen saboda ciwon jiki kamar yadda kowa ke yi a garin nan, in aka ɗora masa maganin tsinka jini, jini zai iya ɓalle masa a ciki, ba za ku sani ba sai kun ga bahayarsa ta yi baƙi ƙirin. Aspirin ma kada a fara da ka. Ciwon jiki, farasitamol ya isa.

Ban ce ki yi musu da Yaya ba. Ƙaninsa ne, tsoro ne ya sa shi neman abin yi, kuma ke suruka ce a gidan. Ki kira shi ki yi masa godiya, ki ce kuna son ya raka ku wurin likita ko a kira shi a waya a gaban likitan, domin shi ne babba. Maganar da ba zai karɓa daga bakinki ba zai karɓe ta daga can, kuɗin maganin kuma sai ya tafi kan gwajin da ake buƙata. Hajiya surukarki kuwa ki bar ta da addu'arta da tofinta, babu inda suka yi karo da asibiti. Abin da za ki tsare kawai shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, don hanta da ƙodar Malam suna da aiki a gabansu. Cewa babu korona kuma, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar ranar 5 ga Mayu, 2023 shi ne matakin ta-ɓaci ya ƙare. Cutar tana nan tana zagayawa, tana kuma kwantar da masu shekaru da masu suga da hawan jini. Ba sai kin tsaya gamsar da kowa ba.

A wurin likita, ban da suga, ki tambaya a kan gwajin ƙoda da na hanta, da awon hawan jini, da gwajin HbA1c mai nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce. Yawan jininsa, PCV, 36 na gani, ya ɗan yi ƙasa ga namiji, ki nuna wa likita. Kada ku saya masa maganin ƙarin jini da kanku. Tarin nan ma ba zan bar shi ya wuce a matsayin ragowar korona ba. Duk tarin da ya haura sati biyu a ƙasar nan ana gwada kakinsa don tarin fuka, balle ga wanda deksa ya raunana wa garkuwa, kuma maganin kan ɓoye zazzaɓin da zai tona cutar. Ku mutanen Zariya Allah ya hutar da ku, cibiyar ƙasa ta tarin fuka da kuturta tana nan Saye, gwajin kaki da maganin kyauta ne a tsarin gwamnati. D-dimer kuwa, in dai jikinsa bai nuna wata alama ba, ku bar shi sai lokacin da likita ya sa.

Alamun da za su sa ki nemi mota ko da ƙarfe biyun dare ne, ki nufi sashen gaggawa na asibitin koyarwa da ke Shika ko asibiti mafi kusa, ki haddace su. Ƙafa ɗaya ta kumbura, sha-raɓarta ta yi zafi da ciwo, ɗayar kuwa lafiya lau. Numfashi ya ƙwace masa farat ɗaya, ko ƙirji ya riƙa sukarsa in ya ja iska. Tari da jini. Suma. Baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta harɗe. Idan kuna da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, lafiyayye yakan nuna 95 zuwa sama, in ta tsaya a 92 ko ƙasa yana zaune ku tafi. Yatsan ya kasance da ɗumi, don sanyin hunturu yana ruɗa ta. Kuma an gano a Jami'ar Michigan ta Amurka a 2020 cewa na'urar ta fi yawan nuna wa baƙar fata lambar da ta ɗara ta gaskiya, saboda haka idan idonki ya ga yana haki, ki yarda da idonki ko da ta nuna 96.

Ma'aunin warkewar da na fi so ki riƙe yana hannunki a gida. Ki samu ƙaramin littafi irin na 'yan ajinki, kowace Juma'a ki rubuta: ina ya iya takawa a satin nan, ƙofar gida ko masallacin unguwa? Yana iya gama zance bai tsaya jan numfashi ba? Sau nawa ya tashi fitsari? Raka'a nawa ya yi a tsaye? Mai jinya da majinyaci ba sa ganin sauƙin da ke zuwa kaɗan-kaɗan, sai sun waiwayi shafin sati uku baya. Likita ma littafin nan zai fi yi masa amfani a kan takarda ta huɗu. Sati bakwai ba dogon lokaci ba ne ga wanda aka sa wa oksijin. Hukumar Lafiya ta Duniya ma sai an kai wata uku daga fara ciwon, alamun sun yi aƙalla wata biyu, an kuma rasa wani dalilin, sannan take kiran abin doguwar korona. Ya riƙa tafiya kaɗan kullum, ya tsaya tun bai gaji ba. Idan ya yi wani aiki yau, gobe ya wayi gari a kwance kamar an yi masa duka, to aikin ya yi yawa, a rage, kada a ce ya daure. Ƙurar hunturu kuma ya sa takunkumi in zai fita.

Wasiyyar da ya fara yi kada ki hana shi, sunna ce, kuma mai lafiya ma ana so ya rubuta. Amma ki zauna da shi bayan isha'i, yara sun kwanta, ki tambaye shi abin da ya gani a kwanakin nan tara. Mutanen da suka kwanta a irin wannan ɗaki, babu dangi kusa, suna jin numfashin na gadon gefe yana yankewa, da yawansu sukan dawo gida da abin da ba su faɗa wa kowa ba, maza kuma sun fi ɓoyewa. Idan rashin barci da rashin cin abinci da zancen mutuwa suka ci gaba bayan an gyara maganar deksa da suga, ki faɗa wa likita da bakinki, domin damuwa ciwo ce da ake magani, kuma akwai sashenta a Shika. Ke ma ki samu 'yar'uwa ko ƙanwarsa ta karɓe ki kwana ɗaya-ɗaya, ga makaranta ga jinya ba za ki iya ke kaɗai ba.

Shago kuma, idan suga ya daidaita likita ya amince, ya fara da zuwa bayan hantsi ya dawo da azahar, a zaune, yaron shago ya riƙa sauke dilar atamfa da hawa kan kanta. Zaman gida yana kallon takardu ya fi kasuwar cutar da shi. A zuwan da za ku yi ki tambayi likita lokacin da ya dace a yi masa allurar rigakafin korona, ki kuma sa a rubuta muku jadawalin rage deksan a takarda, rana-rana, ki manna shi a inda kike ajiye magungunansa.